Ko Ana Zuba Zamzam a Kwalbar Giya?



Mako uku ke nan da wasu dattawa biyu suka tare ni a bakin masallacinmu na layi bayan isha'i, ko takalmi ban sa ba. Suka ce, "Malam Liman, maganar ɗan ƙanwarka ce fa. Yaron nan ya ɗauko fiyano da ganguna yana yabon Annabi a gidajen biki, mata na rawa, ana yi masa liƙi. Kai ne kawunsa, kai ne kuma kake ba mu salla. Ya kamata ka yi magana a wajen karatu kowa ya ji." Na ce musu to, na ji, a ba ni lokaci. Har yau ban yi maganar ba, kuma labari ya iso ni cewa ana ƙus-ƙus, wai Liman ya yi gum don abin a gidansa ya faɗo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan musa ba. Amma akwai wani dalilin, shi na ga gara in rubuta a nan, tunda a wajen karatu mutum bai isa ya yi doguwar magana ba sai a fara duban agogo.

Kun san ni. Atamfa da shadda nake sayarwa, limanci kuwa na riƙon ƙwarya ne, ranar da babban liman ba ya nan. Karatuna na Islamiyya ne da ɗan abin da na tsinta a zaure, daga Ahalari zuwa Risala. Don haka kada wani ya ɗauki wannan rubutu a matsayin fatawa.

Maƙwabcin shagona Bayarabe ne Kirista, yana sayar da lasifika da amfilifaya, yana kuma ba da hayarsu. Coci na haya a wurinsa, masu maulidi na haya, ɗan ƙanwar tawa ma a wurinsa yake ɗauka. Da ya ga kwana biyu raina ba daɗi ya tambaye ni, na gaya masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Alfa, wannan faɗan ai mun riga ku yin sa." Ya zaro waya ya nuna mini wani tsohon bidiyo. Na ga ƙarti huɗu da gashi har gadon baya, an caɓa kwalliya a fuska, wanduna matsattsu kamar a jiki aka ɗinka su, komai nasu ratsin rawaya da baƙi ne kamar danfon Ikko, har jita da ganguna. Ƙara kuwa kamar ana saran ƙarfe a Fanteka. Na ce masa waɗannan shaiɗanun fa? Ya ce ai masu wa'azi ne. Na ɗauka zolaya yake yi, sai na ga mai waƙar ya ɗebo ƙananan littattafai yana jefa wa jama'a, suna tsalle suna cafewa. Ya ce Baibul ne.

Sunan ƙungiyar Stryper. Tun daga ranar na sa babban ɗana yana nemo mini labarinsu yana karanta mini da daddare, don abin ya tsaya mini a rai.

Asalinsu 'yan jihar Kalifoniya ne a Amurka. Ginshiƙin ƙungiyar wa da ƙane ne, Robert Sweet mai ganga da Michael Sweet mai waƙa da jita, sai Oz Fox da Tim Gaines. Iyayen su Michael sun rungumi addininsu da gaske ne wajen 1975, sanadin wani mai wa'azi da suke kallo a talabijin, Jimmy Swaggart. Ku riƙe wannan suna, zai dawo. Da yaran suka tasa sai suka faɗa harkar kiɗan rok a gidajen rawa na Los Anjalis, suna kiran kansu Roxx Regime, addini ya koma gefe. Zamanin nan kuwa reshen rok mai tsananin ƙara da suke kira metal shi ke tashe, kuma abin da masu yin sa ke tallatawa a fili shi ne giya, ƙwaya, mata, wasu har da zanen Shaiɗan da lambar 666. Wajen 1983 sai waɗannan samari suka yanke shawarar komawa ga addininsu ba tare da sun ajiye jitar ba. Suka sake suna. Sabon sunan sun samo shi daga wata aya a littafin Ishaya, sura 53 aya ta 5, mai maganar tabon bulala, wadda Kirista ke fassarawa a kan Annabi Isa, alaihis salam. Mu dai kun san aƙidarmu a kan wannan, ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, ba shi ne zancen yau ba. Ratsin tufafin nasu ma daga nan yake. A maimakon 666 kuma suka riƙa rubuta 777.

Kamfanin da ya ɗauke su, Enigma, ba na coci ba ne, na kasuwa ne zalla. Ƙaramin faifansu na farko ya fito a 1984, na biyu a 1985, har Japan suka je wasa. A 1986 suka fitar da wanda ya ɗaga su, To Hell with the Devil, wato kamar ka ce Shaiɗan ya tafi wuta. An sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, abin da wata ƙungiyar metal ta Kirista ba ta taɓa yi ba kafin su. Tashar MTV, wadda ita ce kasuwar mawaƙan duniya a lokacin, ta riƙa sa bidiyonsu saboda matasa na bugo waya suna nema. Wata waƙarsu mai sanyi ta hau har lamba 23 a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a ƙasar. Su da kansu suna cewa wurin da fasto ba zai taka ba, can suke kai saƙo: mashaya, kulob, filin wasa cike da yaran da rabonsu da coci tun suna goye.

To, ka san wanda ya fi kowa yaƙarsu? Jimmy Swaggart. Mutumin da ta bakinsa gidansu ya shiga addini. Ya yi ta sukarsu a wa'azi, a 1987 ya fitar da littafi sukutum a kan kiɗan rok na addini, yana kamanta shi da kerkeci sanye da fatar tunkiya. Masu ra'ayinsa suka riƙa tsayawa a ƙofar wuraren wasansu da alluna da lasifikar hannu suna hana mutane shiga. Michael ya sha faɗin yadda abin ya yi masa ciwo. Ka ƙaddara malamin da ya musuluntar da babanka ne ya hau mumbari yana kiran sunanka da ɗan wuta.

Da ɗana ya karanto mini nan wurin, sai na ji ni a gefen Swaggart nake. Hujjarsa ba ta wauta ba ce. Abin da yake nufi, a yadda na fahimta, shi ne mazubi yana da tasiri a kan abin da aka zuba. Ka ɗauko kwalbar giya ka wanke ta tas, ka cika ta da zamzam, ka tsaya a bakin titi kana kurɓa. Ruwan dai zamzam ne. Amma yaron da ya hango ka me ya koya? Kiɗan nan an ƙera shi ne don ya motsa jiki, ya tada sha'awa, ya sa mutum ya fita hayyacinsa. In ka ɗora sunan Allah a kai, wanne ne zai rinjayi wani? Yaron da ke tsalle yana girgiza kai, kalmomin yake ji ko gangar? Sannan batun jifa da littafi. Mu da ba ma taɓa Alƙur'ani sai da alwala, ba ma ɗora komai a kansa, ganin an wurga littafin da mutum ya yarda na Allah ne cikin taron da ake tattake-tattake, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Maƙwabcin nawa ya ce a cikinsu ma da yawa abin bai yi musu daɗi ba.

Su kuma amsarsu tana da nauyi, kada mu raina. Suna cewa yaron nan ko da mu ko ba mu zai je wurin kiɗan. In bai ji mu ba zai ji wanda ke kiransa zuwa ga ƙwaya. Littafin da muka jefa, ko ɗaya cikin goma ne ya kai gida ya buɗe, an ci riba. Kuma an samu mutane da yawa da suka ce ta nan suka daina abin da suke yi. Wannan magana na san ta, don kusan ita ce ɗan ƙanwata ya gaya mini daga baya, shi da bai taɓa jin sunan Stryper ba.

Sai ga watan Fabrairun 1988. Aka fito da hotunan Swaggart da wata karuwa a wani masauki a jihar Luwiziyana. Ya tsaya gaban jama'arsa yana kuka a talabijin yana cewa ya yi zunubi. Cocin da yake ƙarƙashinta, Assemblies of God, ta tuɓe masa rigar fasto. A 1991 kuma 'yan sanda suka sake tare shi da wata a mota a Kalifoniya. Maƙwabcina da ya zo nan a labarin har tafa hannu yake yi, wai ka gani Alfa, Allah ya kama shi, yaran ne ke da gaskiya.

Nan na ce masa a'a, dakata. Wannan kuskure ne da mu ma muke yawan yi a nan unguwar. In malami ya hana abu, gobe aka kama shi da wani laifin, sai mu ce shi ke nan abin da ya hana ya halatta. Ina haɗin? Likita mai shan taba in ya ce taba na kashe huhu, ƙarya ya yi? Muna da labarin Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, da ɓarawon da ya kama yana ɗibar abincin zakka dare uku, ya koya masa karanta Ayatul Kursiyyu in zai kwanta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tabbatar masa cewa maganar gaskiya ce duk da mai faɗin ta maƙaryaci ne, kuma Shaiɗan ne. To in gaskiya na iya fitowa daga wannan bakin, ta fito daga bakin Swaggart ba abin mamaki ba ne. Sai dai wuƙar nan kaifi biyu gare ta. In ƙazantar mai magana ba ta ɓata gaskiyar maganarsa, to su ma masu gashin nan ba za ka ce duk abin da ya fito bakinsu banza ne don ka ƙi jinin wandonsu ba.

Abin da ya fi rage mini ƙarfin maganar Swaggart wani abu ne daban da karuwar. Shi kansa makaɗin fiyano ne ƙwararre, mawaƙi, ya sayar da faya-fayan waƙoƙin coci miliyoyi. Ɗan'uwansa na jini, Jerry Lee Lewis, yana cikin waɗanda suka kafa kiɗan rok tun shekarun 1950, tare suka taso suna dukan fiyano. Ashe ba kiɗa da rashin kiɗa ake jayayya a kai ba. Kiɗan da kunnensa ya saba da shi, shi ne na Allah, wanda yara suka zo da shi kuma na Shaiɗan. Laifi tudu ne. Wannan ya sa na tambayi kaina, dattawan nan biyu da suka tare ni, fiyanon ne ya dame su, ko kuwa rashin sabo? Don ɗayansu na san shi, in ana bandiri a gidan maulidi har rangaji yake yi.

Yanzu ga inda labarin ya shigo fagen da na sani, wato kasuwa.

Faifansu na 1988, In God We Trust, ya yi kasuwa amma bai kamo na baya ba. Duk ɗan kasuwa ya san wannan tsoron. Shekarar da ciniki ya ja baya, dare ba ka barci, kana lissafin me za ka canja. A 1990 sai ga Stryper sun fito da Against the Law. Rawaya da baƙi babu, sun koma baƙar fata irin ta sauran 'yan rok. Tambarinsu mai ɗauke da lambar ayar nan an sake shi. Waƙoƙin kuma ba a ambaton Allah ƙarara kamar da. Sun ce sun gaji da masu wa'azin da ke binsu da jifa, shi ya sa. Wataƙila haka ne. Amma shagunan Kirista da yawa suka ƙi karɓar faifan, 'yan rok ɗin da ake so a burge kuma ba su ruga sun saya ba. Biyu babu, ba tsuntsu ba tarko. Shekaru bayan haka, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2014, Michael ya amsa da bakinsa cewa a wannan tsakanin shaye-shaye ya shige su, rayuwarsu ta bayan fage ta saɓa wa abin da suka yi shekaru suna kira a kai. Zama da maɗaukin kanwa. Sun shiga mashaya don su fito da mutane, mashayar ta riƙe musu riga.

Kada dai mu yi saurin cewa hukuncin Allah ne ya sauka. Kamfanin Enigma ya durƙushe a daidai wannan lokaci, sannan daga 1991 wani sabon salo ya taso daga garin Seattle, su Nirvana, ya share duk masu dogon gashi da kwalliya daga kasuwa, na coci da na Shaiɗan gaba ɗaya. Kamar yadda atamfar Sin ta zo ta kwantar da masaƙun Kaduna, ba ta tambayi wane ne mai salla a cikinsu ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne wannan. Swaggart ya ce ganga ce za ta cinye su. Ni abin da na gani, mai saye ne ya cinye su. Duk wanda ya kasa kaya, a hankali mai saye ke zama ubangidansa. Ni da na fara shago, atamfa mai duhu nake so, irin ta iyayenmu. Yau je ka duba kantata, duk abin da 'yan mata ke nema shi ne a jere, har wanda ni ba zan bari 'yata ta ɗaura ba. Ba ranar da na zauna na yanke shawarar haka. Turmi ɗaya-ɗaya abin ya sauya. To wannan a tufafi ne, da sauƙi. In kuwa hajar taka sunan Allah ce, ranar da mai saye ya ce a rage, me za ka yi? Stryper dai sun rage a 1990. Kuma abin da mutum ya fara cirewa ranar da kasuwa ta faɗi, shi ke nuna maka me ya ɗauka jari, me ya ɗauka kwalin talla.

A 1992 Michael ya bar ƙungiyar, sauran ukun suka ɗan ja kafin su watse. Ya yi faya-fayai na kansa na addini, daga baya ya koma can gabashin ƙasar wurin dangin matarsa, yana aiki a wani filin da masu yawon shaƙatawa ke kafa tanti, da fadamar da ake noman wani ɗan itace ja mai tsami. Mutumin da dubbai ke yi wa ihu, ga shi cikin takalmin roba a ruwa. A duk labarin nan wurin ne ya fi burge ni, don ba kowa ke iya sauka daga dandamali da ƙafarsa ba. Mu nan mutum ya yi shugabancin kwamitin masallaci shekara biyu, sauke shi sai an kira Sarkin Hausawa.

Sun sake haɗuwa a 2003, suka dawo da rawaya da baƙi, suka dawo da ambaton Allah a fili, suka fitar da faifai a 2005. Matar Michael ta rasu da ciwon daji a 2009. Tim Gaines ya rabu da su a 2017. Har yanzu suna fitar da faya-fayai suna yawon wasa, gashi ya fara furfura, taron kuma bai kai na da ba. Halin tsokanar ma bai bar su ba, don a 2018 sun sa wa wani faifai sunan da a kunnen Bature ya yi kama da ashar, har kantin Walmart ya ƙi sayarwa. Shi kuwa Swaggart ya ci gaba da wa'azinsa da 'yan jama'ar da suka rage masa, ya rasu a 2025.

Maƙwabcina ya ce dawowarsu tuba ce. Ɗana, da yake ɗan zamani ne mai zargin kowa, ya ce Baba kuɗi ne suka ƙare, sun gane rawaya da baƙin nan shi ne abin da tsofaffin masoyansu za su biya su gani. Wa ya fi gaskiya? Mai yiwuwa duka biyun. Ni abin da shekaru suka koya mini, niyya ba ta zuwa a tace kamar man gyaɗan kwalba. A gauraye take zuwa, kuma mai ita ma ba kullum yake iya rarrabewa ba. Akwai hadisin nan na Muslim da ke ba ni tsoro duk sanda na tuna, na mutum uku da za a fara yi wa hisabi: wanda ya mutu a fagen fama, da malami makaranci, da mai kyauta. Dukansu aikin kirki suka yi a idon jama'a, dukansu kuma don a faɗa suka yi. Ba makaɗi ko ɗaya a cikin ukun nan. Mai rawani dai akwai.

Bari in faɗi nawa, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekarun baya wani bawan Allah baƙo ya zo haɗa lefe. An nuna masa shagona an ce na Liman ne. Ya zaɓi atamfa turmi shida da shadda, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba zan taya ba, faɗi kawai in biya. Liman ba zai cuce ni ba." Jama'a, na ɗora masa abin da ban saba ɗora wa kowa ba. Ba wani mai yawa ba, amma na san don ya ce ba zai taya ba na yi. Da magariba ta yi babban liman ba ya nan, na shiga gaba, ina waigawa don daidaita sahu sai ga mutumin nan a bayana daf. Fatihar ranar da ƙyar ta fita. Bayan kwana biyu na aika yaron shago ya mayar masa da kuɗin, na ce a gaya masa kuskuren lissafi ne. Ka ga na wanke cuta da ƙarya. Har ya aiko da godiya yana cewa ai ya faɗa, Liman daban ne.

Tun daga nan na gane cewa ni ma ina da rawaya da baƙi nawa. Hular nan, da carbi a kan kanta, da "Liman" da ake kira na, duk suna jawo mini ciniki ko na so ko ban so ba. Ban ce haramun ne mutum ya ci abinci ta hanyar addini ba. Malamanmu na Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma malamin allo da iyalinsa ba iska za su ci ba. Amma tsakanin wanda addini ke ciyar da shi da wanda ke cin addini, tazarar ba ta kai kaurin zaren ɗinki ba, kuma daga waje kamarsu ɗaya. To da wace fuska zan zauna gaban jama'a in kira sunan yaro in ce yana sayar da yabon Annabi?

Game da hukuncin kiɗan kansa, abin da na karanta a Risala shi ne mutum ya nisanci sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma a kan haka nake, ni ba na zuwa wurin. Na kuma san Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro, ya yi rangwame da sharuɗɗa, kuma 'yan'uwanmu Ƙadirawa da bandirinsu ba jiya suka fara ba. Saɓani ne da ya girmi kakanninmu, ba a masallacin layinmu za a ƙare shi ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne cakuɗuwar maza da mata ana rawa, da kuma ambaton Fiyayyen Halitta a matsayin share fagen roƙo.

Ranar Lahadi na kira yaron shago bayan na rufe. Ya zo a ɗarare, ya durƙusa, ya ɗauka faɗa zan yi. Na ba shi labarin nan tun daga 1975 har zuwa fadama. Ya ce, "Kawu, wallahi yaran da ke zuwa wurina, in ba ni ba, waƙoƙin batsa za su saka. Akwai waɗanda sunayen 'ya'yan Annabi a bakina suka koya." Na ce na yarda, ban ƙaryata ka ba. Amma gaya mini, a biki ɗaya minti nawa kake yi kana yabon Manzon Allah, minti nawa kake yi kana kiran sunan Alhaji wane da Hajiya wance? Ya sunkuyar da kai. Na ce in mai biki ya ce ka bar yabon nan haka, ka koma kan uwar amarya zai ninka maka kuɗi, fa? Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "An taɓa yi, Kawu." Na ce ka koma? Ya ce ya koma.

Ban zage shi ba. Na ba shi labarin turmi shida, wanda ko uwarsa ba ta sani ba sai yanzu da za ta karanta. Na gaya masa ra'ayina a kan fiyano bai canja ba. Na roƙe shi abu biyu. In zai yi roƙo ya yi roƙonsa, sana'a ce da aka sani, amma kada ya haɗa shi da sunan Annabi a waƙa ɗaya. Sannan sau ɗaya a wata ya zo Islamiyyar layinmu ya yi wa yara yabo da baki kawai, ba kiɗa, ba liƙi, ba mai ɗaukar bidiyo, ya ji ko muryar za ta fito.

Ya ce, "To Kawu, na ji. A ba ni lokaci."

Asabar mai zuwa yana da biki a Mokola. Maƙwabcina ya ce an riga an biya kuɗin hayar lasifika.